Garwa Zuwa Lagdo A Kan Keke: Mun Je Kamun Kifi, Rana Ta Kusa Kama Mu

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan labari, domin akwai abin kunyata a cikinsa. Amma da na ga yadda hawan keke zuwa nesa ya fara shiga ran samarin unguwarmu, sai na ce gara in tona kaina da in zuba ido wani ya faɗa ramin da na faɗa.

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Garwa ba ya buƙatar a ba shi labarin zafi. Ma'aunin zafi kan kai 40, wata rana ma ya haura. Da hantsi ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa, ruwan famfo kamar an sauke daga wuta, da dare kuma kowa ya jawo tabarmarsa tsakar gida. To a cikin wannan wata ne, mako biyu bayan ƙaramar salla, mu huɗu muka ɗaura niyyar zuwa Lagdo a kan keke, mu kama kifi, mu kwana, mu dawo ranar Lahadi.

Akwai ni. Akwai mai facin unguwarmu, wanda ya girme mu duka, shi ne kuma ya kawo shawarar, saboda yana da baffa masunci a can. Akwai abokin aikina malamin lissafi, Kirista ne, mutum mai sanyin hali da ba ya son doguwar magana. Na huɗu ƙanen matata ne, ɗan shekara 19, ɗan ƙwallo, ƙarfi kamar doki. Mu uku na farko mun yi kusan wata uku muna fita kowace Lahadi da asuba muna yin kilomita 20 zuwa 30, sai da azumi ya zo muka dakata. Shi yaron bai taɓa bin mu ko sau ɗaya ba. Da yayarsa ta nuna damuwa, ni ne na ce mata, "Haba, wanda yake minti casa'in a fili yana gudu, keke ne zai gagare shi?" Wannan magana ita ce kuskurena na farko.

Tafiya

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka hau. Kekunan duk na gwanjo ne, mai faci ya duba musu birki da sarƙa, ya ɗauko famfo da kayan faci. Kowa ya ɗaure jarkar ruwa a kariya, ga dabino da ƙuli-ƙuli a aljihu. Gari bai gama wayewa ba muka haye gadar Binuwai. A wannan lokaci na shekara kogin ya ja baya, yashi ya fito fili fari fat, masu ɗiban yashi har sun riga mu fitowa.

Daga Garwa zuwa Lagdo sama da kilomita 60 ne. Za ka bi babban titin Ngaundere ka yi kudu, sannan ka karkata gabas. Da sanyin safiyar nan tafiya daɗi ne da ita. Gonakin auduga da na masara duk an share su suna jiran ruwa, yara suna zaune bakin titi da tiren mangwaro, manyan motoci suna wuce mu suna watsa mana ƙura. Taya ta sace sau ɗaya, mai faci ya gyara cikin minti goma. Muka tsaya wani ƙauye muka sha kunu da ƙosai, muka ƙara cika jarkoki. Wajen ƙarfe goma da rabi, rana ta fara cizo, sai ga ruwan Lagdo ya bayyana a gabanmu tsakanin duwatsu.

Wallahi mun ji kanmu. Yaron nan har da ɗaga keke sama ana ɗaukar sa hoto. Abin da ba mu lura da shi ba, ba ƙarfinmu ne ya kawo mu ba, lokacin da muka zaɓa ne. Mun yi mafi yawan tafiyar kafin rana ta tashi daga barci.

Ruwan Lagdo da mutanensa

Ga wanda bai sani ba, Lagdo ba tabki ba ne na asali. Madatsa ce aka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982 tare da 'yan ƙasar Sin, ruwan ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 586. Injunanta huɗu an yi su ne don su ba da megawat 72 na lantarki, kuma wutar da muke gani a arewacin Kamaru galibinta daga nan take. Kogin kansa daga tsaunukan Adamawa yake tasowa, ya ratsa Garwa, ya shiga Nijeriya ta Yola da Makurɗi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Shi ya sa duk shekarar da aka buɗe ƙofofin madatsar saboda cikar ruwa, kamar 2012 da 2022, za ka ji sunan Lagdo a bakin 'yan uwanmu na can, ba kuma da daɗi ba.

Da ruwan ya cika, masunta suka yi ta kwararowa: Musgum da Kotoko daga arewa mai nisa, Hausawa daga Nijeriya, har da mutanen Mali. Baffan mai faci yana cikin waɗanda suka zo da farko, yana saurayi, daga wajen Yawuri. Yanzu dattijo ne, gashi duk furfura, hannunsa kamar ɓawon itace. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya sa aka kawo mana ruwan randa da fura.

Ko kofin ban ajiye ba na ce, "Baba, to a ba mu jirgi mu shiga ruwa."

Ya dube ni, ya dubi sama, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, dubi ruwan can. Ka ga jirgi nawa?"

Na duba. Duk faɗin ruwan nan da ƙyar na hango biyu.

Ya ce, "Yanzu kifi ya yi ƙasa, yana neman sanyi. Shi da ba shi da boko ya san ba a fita da tsakar rana. Ku kwanta."

Muka bi umarni, muka baje a ƙarƙashin rumfa. Da azahar ta yi har 'yar gardama ta tashi tsakanina da mai faci kan ko za mu yi ƙasaru. Baba ya raba mu, ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar ƙasaru sai ta kai kimanin kilomita 80, tamu ba ta kai ba, gajiya kuma ba ta ƙara wa hanya tsawo. Muka cika raka'a huɗu, malamin lissafi yana gefe yana gadin kekuna.

Bayan la'asar muka shiga kwalekwale biyu. 'Ya'yan Baba suka shimfiɗa kalli, wato ragar da ake bari ta kwana a ruwa, mu kuma aka ba mu ƙugiya da tana. A nan na gane fatsa ba aikin mai gaggawa ba ne. Awa guda ina zaune, ban da motsin ruwa babu abin da ya taɓa igiyata. Daga baya na ciro karfasa guda biyu. Ɗaya ko tafin hannuna ba ta kai ba, Baba ya ce in mayar. Na ce, "Baba, ita ce kamuna na farko a duniya." Ya ce, "To bar ta ta haihu, ka dawo baɗi ka kama 'ya'yanta." Ƙanen matata ya kamo ƙurungu, yana murna ya cafke shi da hannu, ƙayar ta soke shi, ya yi ihun da har wani jirgi ya juyo. Can nesa kusa da ciyayi muka hango kunnuwan dorina, nan take aka juya kan kwalekwale ba tare da kowa ya ce uffan ba.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta ba mu labarin yadda ruwan yake a da. Ya ce a shekarun farko giwan ruwa sai mutum biyu sun kama za su ɗaga, yanzu kuwa idan ka samu mai girman cinya sai a taru ana kallo. Laifin ya ɗora shi a kan masunta da kansu: mutane sun yi yawa, wasu kuma suna jan raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, su kwashe uwa da 'ya'ya. Hukuma kan rufe kamun kifi na wata uku da damina don kifi ya hayayyafa, amma ya ce masu satar shiga da dare ba sa ƙarewa. "Duk rashin haƙuri ne," in ji shi. "Kowa so yake ya cinye na gobe yau."

Da dare muka ci gasasshen karfasa da yaji da albasa, hayaƙin banda yana tashi daga bayan gidaje inda mata suke ƙyafe tarwaɗa. Na kwanta ina cewa a raina ban taɓa yin hutun ƙarshen mako mai daɗin wannan ba.

Kuskure na biyu

Shirinmu na asali shi ne mu kama hanya ranar Lahadi bayan asuba, kamar yadda muka zo. Amma da aka ce da asubar ne za a je ɗaga kalli, duk muka ce ba za a yi babu mu ba. Kuma an yi sa'a. Ban da karfasa da ragon ruwa, ragar ta riƙe giwan ruwa ɗaya madaidaici, Baba ya ce namu ne, tukuicin zuwa. Kafin a dawo bakin ruwa, a karya kumallo, a yi sallama, ƙarfe goma sha ɗaya ta kusa.

Baba ya ce, "Malam, kun makara. Ku zauna sai bayan la'asar."

Ni kuma ina da hujjojina, ba kuma na banza ba ne. Takardun gwajin ɗalibai suna jirana a gida ban duba ba, ga aji da safiyar Litinin. Kekunanmu babu fitila, titin Ngaundere kuwa da dare na manyan motoci ne. Mai faci ya goyi bayan baffansa, malamin lissafi ya yi shiru, yaron ya ce shi duk abin da Yaya ya ce. Na ce ai jiya mun yi, yau ma za mu yi. Baba bai ƙara ja ba. Ya sa aka naɗe kifin a jiƙaƙƙen buhu, ya ce, "Wannan dai ba zai kai Garwa da daɗinsa ba. Ku kuma Allah Ya kai ku."

Awar farko mun yi ta da ƙarfin hali. Daga nan iska ta koma kamar ta bakin tanda. Kwalta tana mayar mana da zafin ta ƙasa, rana tana dukanmu ta sama, ruwan jarka ya yi zafin da ba ya shiga maƙogwaro. Yaron, da yake jininsa na tafasa, sai ya riƙa tsere mana, ya yi nisa, ya tsaya cikin rana yana jiranmu. Na ce ya sha ruwa, ya ce ruwan tayar masa da zuciya yake yi. Can ya ce cinyarsa ta ɗaure. Can ya ce kansa na sarawa. Na ce masa, "Daure, kai fa namiji ne." Har yau idan na tuna wannan kalma sai in ji kunyar kaina.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi ya yi amai a gefen hanya, ya sake hawa. Ba mu yi nisa ba na ga kekensa yana tangaɗi. Na matsa kusa na kira sunansa, ya juyo ya dube ni kamar bai san ni ba, yana tambaya wai an tashi daga wasan ne. Sai kawai ya sulale ya faɗi.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ni dai hannuna rawa yake yi, na rasa abin yi. Malamin lissafi, wanda duk tafiyar bai yi magana goma ba, shi ne Allah Ya ba natsuwa. Ya ce a ɗauke shi zuwa gindin wata tsamiya, ya cire masa riga, ya juye duk ruwan da ya rage mana a jikinsa. Jikin zafi rau kamar garwashi. Mai faci ya ruga wani gida da ke kusa yana sallama da Fulatanci. Mata uku suka fito da bokitai na ruwan rijiya, babu tambayar su wa ne ku, daga ina kuke. Muna zuba masa a kai da wuya da hammata, su suna yi masa fifita da faifai. Na so in ɗura masa ruwa a baki, malamin ya riƙe hannuna ya ce kada in kuskura, wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙewa.

Bayan kamar minti ashirin ya buɗe ido ya ce, "Yaya, me ya faru?" Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Aka haɗa masa ruwan gishiri da sukari yana kurɓa kaɗan-kaɗan, aka samo mai babur, na riƙe shi a tsakiya muka tafi asibitin da ya fi kusa. Leda biyu na ƙarin ruwa aka sa masa. Ma'aikacin jinyar da ya karɓe mu ya ce mini da mun tsaya neman mota ba mu fara sanyaya jikinsa ba, da labarin ya sha bamban. Kiran da na yi wa matata a wannan yammaci shi ne mafi nauyi da na taɓa yi.

A asibitin muka kwana. Ajin Litinin ɗin da na yi ta gaggawa dominsa, sai wani ne ya riƙe mini. Abokan tafiyata biyu kuwa suka zauna a ƙauyen nan har bayan la'asar, suka bar kekunanmu a hannun mai gidan, suka sayi tocila suka ɗaura, suka isa Garwa lafiya lau. Giwan ruwan, da ya fara laushi, matan nan aka bar wa, suka farke shi suka sa gishiri suka ɗora a wuta.

Abin da ya kamata mu sani

Bayan na dawo na zauna na yi karatun da ya kamata in yi kafin tafiya. Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne wajen 37, kuma babbar hanyar da jiki yake fitar da zafi ita ce gumi. Mai aikin ƙarfi a cikin rana zai iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi a awa guda, tare da gishirin jikinsa. Idan ba a mayar ba, jini ya ragu, zuciya ta yi ta bugu da sauri, sai ciwon kai, jiri, ɗaurewar jijiya da amai su biyo baya. Wannan gargaɗi ne, maganinsa a tsaya, a shiga inuwa, a sha ruwa. Idan aka yi kunnen ƙashi har zafin cikin jiki ya haura 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa, mutum ya yi ta sambatu ko ya suma, to an shiga bugun rana, wanda yake lalata ƙoda da hanta, yake kuma kisa. A nan ba a jira. A sanyaya jiki da ruwa nan take, sannan a garzaya asibiti.

Na kuma fahimci cewa ƙarfi daban, sabo da zafi daban. Jiki yana buƙatar mako ɗaya zuwa biyu yana aiki a cikin zafi a hankali kafin ya saba. Yaron nan ƙwallonsa da yamma yake bugawa, minti casa'in ya koma gida. Awa uku a kan kwalta da tsakar rana wani abu ne da jikinsa bai taɓa gani ba. Ruwan gishiri da sukari kuwa kowa zai iya haɗawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi shida na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri. Kuma fitsari ba ya ƙarya, idan ya yi kaɗan ya yi duhu, jiki yana bin ka bashin ruwa.

Wannan magana ba ta masu keke kaɗai ba ce. Ta shafi masu babur da suke yini a kan titi, da masu tura amalanke, da leburori, da yaranmu da suke tako ƙasa daga makaranta da rana tsaka. Ta shafi iyayenmu maniyyata, domin ba mu manta ba a aikin Hajjin 2024 sama da mutum 1,300 ne suka rasu, akasarinsu saboda zafi. Mu da aka haifa a cikin rana mun ɗauka mun gama saninta, shi ya sa idan yaro ya ce kansa na ciwo sai mu ce ragwanci ne. Jiki kuwa amana ne, na wanda ka ɗauko daga gidansu ma ya fi zama amana.

Alhamdu lillahi, yaron ya warke sarai, har ya koma fili. Yayarsa ta yi mako guda tana ajiye mini abinci ba tare da ta dube ni ba, kuma ban ga laifinta ba. Da muka koma ɗauko kekuna na kai wa matan nan sabulu da sukari, sai da aka yi da gaske suka karɓa. Baba kuma ya aiko da saƙo ta bakin mai faci, ya ce a gaida Malam, a ce masa ruwa yana nan bai gudu ba, mu dawo da sanyin Disamba, kuma ranar komawa shi zai faɗi lokacin tashi. Na ce a gaya masa na ji, na kuma yarda.

Allah Ya tsare mu da sharrin gaggawa, Ya saka wa waɗanda suka taimake mu da alheri.